Makullin Sito a Hannun Yaya

Shekara goma sha tara na yi da shagon kafinta kafin in san cewa rabin fentin da nake saye a bola yake ƙarewa. Yayata ce ta nuna min, ita da ba ta taɓa riƙe zarto ba.

Shagon nawa doguwar rumfa ce ta kwano a bayan layin masu walda. A gaba ake yanka katako a haɗa, a tsakiya ake gogewa da samfefa, can ƙarshe kuma wurin feshi ne. Mu tara ne har da ni. A kusurwa akwai wani ɗaki marar taga da muke kira sito, kuma duk abin da yake da wari can ake jefa shi: fenti, banish, tinar da ake tsinka su da ita, gam, kananzir, har man janareta. Ƙofar ba ta da makulli. Wanda ya buƙaci abu sai ya shiga ya laluba da hasken waya, in bai gani ba ya fito ya ce min ya ƙare, ni kuma in aika a sayo.

Mai feshinmu dattijo ne, ya girme ni da shekara goma sha. Mai Bindiga muke ce masa, saboda bindigar feshin da ba ta barin hannunsa. In ya fesa ƙofa sai ka ga fuskarka a jiki. Alfaharinsa guda ne: ba ya awo, ba ya karanta rubutun jikin gwangwani. Ya buɗe, ya kai hanci, ya ce, "Wannan ne." Takunkumi kuwa cewa yake yi na sababbin shiga ne.

Yaya kuwa ita ta goye ni. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin ba da magani na wani asibiti kafin ta yi ritaya. Wata biyu kacal ta yi a gida, ta gyara duk abin da ke gyaruwa, ta jera tukwane bisa tsawo, sai ga babban ɗanta ya kira ni.

"Kawu, don Allah ka samo wa Mama abin yi, kafin ta fara sa wa cokula lamba."

Na ce ta riƙa zuwa shago tana karɓar masu kawo aiki. Na sa mata kujera da fanka a gaba, ina ganin na gama da ita.

A satinta na biyu muka yi ɓarna. Ƙofofi ashirin da huɗu ne na wani sabon masauki, Mai Bindiga ya fesa musu banish, muka jingina su su bushe. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, in ka taɓa sai yatsanka ya manne. Ƙurar katako ta zauna a jiki, ƙudaje suka maƙale kamar an ɗana musu tarko. Da muka bi diddigi sai aka gano abin da ya tsinka banish ɗin da shi a cikin wata robar ruwan sha yake, ba rubutu ba komai. Na shinshina. Kananzir ne zalla.

"Tina ce," in ji Mai Bindiga. "Ni na shinshina da kaina."

Ban yi masa gardama a gaban yara ba. Muka koma gogewa, mutum shida, kwana huɗu, muka sake sayen banish. Mai masaukin ya kira ni sau bakwai, kuma ba gaisuwa yake kira mu yi ba.

Yaya ta ɗauki robar tana juya ta. "Wa ya zuba wannan a nan?"

Kowa ya ce ba shi ba ne. Babu wanda ya sani, kuma na yarda da su.

"To da wani ya kwaso ƙishirwa ya ɗaga ya sha fa?"

A satin nan kuma takarda ta zo daga ofishin masu duba wuraren aiki, cewa nan da wata guda za su zagaya layinmu. Na karanta na ninke na sa a aljihu, na ce Allah ya kai mu. Yaya ta miƙo hannu, na ba ta. Ta karanta sau biyu.

"Auta," ta ce. Har yau haka take kirana, da furfurata da komai. "Sayo kwaɗo mai kyau. Sitonka nake so."

"Yaya, wurin nan ba na mata ba ne, wari ne da datti."

"Ka taɓa shiga ɗakin da ake wanke ciwo? Sayo kwaɗo."

Ranar Asabar ta sa aka fito da duk abin da ke cikin ɗakin nan, aka jera a fili a inuwa. Ni ina kasuwar katako, sai da rana ta take na dawo. Na tsaya a bakin rumfa na kasa shiga. Ban san ɗakin zai iya cin wannan kaya ba. Galan-galan na banish har goma sha bakwai, tara a ciki sun daskare. Farin fenti iri ɗaya gwangwani huɗu, kowanne an buɗe an ɗebi kaɗan an bar murfin a karkace. Gam ya zama kamar ƙosasshiyar roba. Jarkar tina biyu ba murfi, sun sha iska sun koma rabi. Robobin ruwa goma sha ɗaya, kowacce da abin da ke ciki, babu wanda zai rantse a kan ko ɗaya. Ga tsummokara jiƙe da mai an cusa su a bayan jarkar man janareta.

Yaya ta ɗauki wani galan ta kife shi. Ko ɗigo bai zubo ba. Ta ƙwanƙwasa shi da makulli, ya yi ƙara kamar dutse.

"Ga guminka nan, Auta. Ya yi barci."

Dogo, wanda ke kan injin yanka, ya ce, "Oga, wannan ai in aka haɗa su za a yi harsashin gini." Yara suka kwashe da dariya. Ni dariyar ba ta zo min ba. Na tuna sau nawa na hana kaina sayen sabon injin goge don ina ganin babu hali.

Na ce a kwashe matattun a kai bola. Ta ce a'a, ba a zubar da irin wannan inda yara ke tsince-tsince, kuma ba a tuttula shi a kwata. Ta yi ta buga waya har ta samo wani kamfani mai izinin kwashe irin wannan shara, suka zo da mota, kuma sai da na biya su. Na yi ta mita: na saya da kuɗina, ya lalace, kuma in biya a ɗauke min. Ta ce, "Sau ɗaya za ka biya wannan. In ka sake biya, to kai ka so."

Daga nan ta shimfiɗa mulkinta. Ta sa Dogo ya buga mata kantoci uku. Ta sa aka fasa bango sama da ƙasa aka sa raga don iska ta ratsa. Man janareta ya koma wata 'yar rumfa a waje. Kowane gwangwani da ya shigo sai ta rubuta masa ranar zuwa da ranar buɗewa da baƙin alƙalami mai kauri, tsoho a gaba, sabo a baya. Ba a buɗe na biyu sai na farko ya ƙare. Tsummokaran da aka yi aiki da su a cikin durom na ƙarfe mai murfi ake sa su. Ta je wurin mai sayar mana da fenti ta zauna masa sai da ya nemo mata takardar bayanin kowane abu da yake sayar mana, wadda ke faɗin yadda ake ajiye shi da abin da za a yi in ya shiga ido ko ya kama wuta. Ta rataye su a ƙusa a bakin ƙofa. Tinar da aka wanke bindiga da ita, da muke watsarwa, ta ce a zuba a jarka guda a bar ta ta kwanta, a tsiyaye ta sama a sake wankin farko da ita.

Yara sun yi gunaguni na kwana uku suka saba, don sun ga yanzu ba sa ɓata rabin awa suna lalube a duhu. Mai Bindiga ne ya ƙi. Ta sayo kofin awo, ya ajiye shi yana zuba ƙusoshi a ciki. Ta sayo takunkumin feshi na gaske, mai matatar iska biyu a gefe, ya rataye shi a wuyan kwamfuresa, injin da ke ba bindigar iska.

"Hajiya," ya ce mata, "ina wannan aiki tun kina koyon ƙirga ƙwayoyi. Maganin ciwon kai daban, fenti daban."

"Gaskiyarka, Malam," ta ce, ta koma kujerarta.

Na yi mamaki, don Yaya ba ta saba barin magana a ƙasa ba. Ashe kallonsa take yi. Bayan kwana biyar, da yara suka fita cin abincin rana, ta kira ni ta ce in zauna, sannan ta kira shi. Ta zuba masa shayi daga flas ɗinta.

"Malam, jiya wayar kwamfuresa ta yi zafi ta fara ƙonewa. Ni da nake can gaba na ji ƙauri. Dogo ya taso a guje ya kashe. Kai kana tsaye a kanta ba ka juya ba." Ta yi ƙasa da murya. "Tun yaushe?"

Ya ture kofin shayin gefe. Na ɗauka tashi zai yi ya tafi.

"Shekara shida," ya ce. "Ko bakwai. Da farko sama-sama nake jin wari, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Ko abinci, gishiri kawai nake ji da yaji." Ya dube ni. "Da nauyin roba nake ganewa, da inda na saba ajiye ta. Ranar ƙofofin nan wani ya canja mata wuri."

"Me ya hana ka faɗa min?" na ce.

"In faɗa maka mai feshinka ba shi da hanci? Ka ajiye ni ka yi me da ni?"

Yaya ta riga ni magana. "Hancinka ne ke riƙe bindiga? Na ga ƙofofin da ka sake fesawa. Wannan aikin hannu ne da ido. Abin da hanci yake yi maka, rubutu zai yi maka shi, kuma rubutu ba ya mura." Ta tura masa kofin awon, bayan ta juye ƙusoshin. "Kai ka san haɗin da ke ba da kyau. Ka auna sau ɗaya ka faɗa min, in rubuta a bango. Takunkumi kuma ba don hancin ba, don ƙirjin da ya rage maka. Ina jin tarinka tun daga gaba."

Bai ce ya yarda ba. Amma washegari na same shi da sassafe yana auna banish da tina yana ɗaga kofin a haske, Yaya na tsaye da alli. Ranar Laraba kuma ta kai shi wurin wani likita da suka yi aiki tare. Maganar hancin nan ba ta fita daga tsakaninmu uku ba, sai da shi da kansa ya ba yara labari daga baya.

Takunkumin ya fi ba shi wuya. Ya ce yana sa shi ya yi kama da ƙwaro. Dogo ya fara kiransa Fara, dattijon ya bi shi da sandar katako har bakin titi. Amma ya ci gaba da sawa.

Masu dubawa suka zo ranar da suka ce. Mace ce babbarsu, 'yar siririya da tabarau, ba ta dariya. Kafin su iso gare mu sun riga sun rufe shago biyu a layin. Ta shiga sito, ta daɗe. Ta ɗaga gwangwani ta karanta kwanan wata, ta buɗe durom ɗin tsumma, ta zare takardun bakin ƙofa ta duba. Ta tambayi Dogo abin da zai yi in tina ta fantsamar masa a ido, ya ce ruwa mai yawa, minti goma sha biyar, ga famfo can, sannan asibiti. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Wa ke riƙe da ɗakin nan?"

Na nuna Yaya.

"A ina kika yi aiki, Mama?"

"Ɗakin magani."

"Na ga alama," ta ce, kuma a nan ne kawai na ga gefen bakinta ya motsa.

Duk da haka sai da ta samo mana laifi. Tukunyar kashe gobarar da ke rataye a bango ta wuce lokacinta da shekara biyu, kuma wurin feshi ba shi da fankar da ke fitar da iska waje. Ta ba mu sati uku mu gyara, ba tara. Da suka tafi Yaya ta tsaya gaban tukunyar nan tana cizon yatsa.

"Kullum ina wucewa ta gabanta. Ni da kaina. Shekara talatin ina duba ranar lalacewar abu."

"Ashe ke ma mutum ce," in ji Mai Bindiga, kuma ina jin tun da ta zo bai yi farin ciki irin na ranar ba.

Muka canja tukunyar, muka sa fankar. Aiki ya ci gaba.

Ni ban lura da abin da ke faruwa ba sai wajen wata na biyar, ranar da mai sayar mana da fenti ya zo shago da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna, muka gaisa, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "Oga, in na yi maka laifi ka faɗa min. Shekara nawa muna tare. Wa ya ƙwace min kai?"

"Ƙwace ni kamar yaya?"

"Da duk sati yaronka na zuwa. Yanzu sai a yi sati uku. Ko aiki ne ya yi ƙasa?"

Aiki bai yi ƙasa ba, ƙaruwa ma ya yi, don mai masaukin nan duk da faɗan da ya yi min ya turo min abokinsa. Na kama hannun mai fenti na kai shi bakin sito, na ce ga wadda ta ƙwace ni. Ya leƙa ya ga kantoci, ya ga rubutu, ya ga murfi kowanne a rufe gam. Ya riƙe baki.

"Hajiya, don girman Allah kar ki zagaya sauran shagunan. Ina da 'ya'ya."

"Ka kwantar da hankalinka," ta ce. "Wanda bai yi asara ba shi ke daɗewa yana saye."

A ƙarshen shekarar na sayi injin gogen da na daɗe ina kallo, na kuma zagaye wurin feshi da bango ya zama ɗaki na kansa, ƙurar katako ta daina sauka a kan aiki ɗanye. Na ƙara wa kowa wani abu a albashi. Yaya ta ƙi karɓar nata, sai da na haɗa ta da ɗanta.

Hancin Mai Bindiga bai dawo duka ba, likita ma bai yi masa alkawari ba. Tarin dai ya ragu sosai. Wata safiya Dogo yana yanka wani jan katako sabon kawowa, sai na ga dattijon ya tsaya cak a tsakiyar rumfa, ya matsa kusa da injin, ya ɗebi garin katakon a tafin hannu ya kai fuska. Ya daɗe a haka.

"Kaɗan," ya ce da ya ga ina kallonsa. "Kamar daga nesa." Ya zuba garin a aljihun rigarsa ya wuce ɗakin feshi.

Da 'yar Yaya ta kusa haihuwa a wani gari, ta shirya tafiya ta wata uku. Na miƙa hannu in karɓi makullin sito, sai ta wuce ni ta ba Mai Bindiga.

"Yaya, shagona ne fa."

"Shi ya sa. Kai in yaro ya ce maka abu ya ƙare, yarda kake yi."

Wata ukun nan na sha wuya a hannun dattijon. Ya fi ta tsanani nesa ba kusa ba. Ya sayi tabarau na karatu a bakin titi, ya rataya a wuya, kowane gwangwani sai ya karanta shi da ƙarfi kafin ya miƙa. Rubutunsa kamar tafiyar kaza, amma babu abin da ya shiga ɗakin ba kwanan wata.

Ta dawo da hotunan jika a waya, namiji, mai kumatu. Sai da kowa ya gani ya yi barka, sannan ta ajiye jaka ta nufi sito. Muka bi ta a baya kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Ta bi kantocin ɗaya bayan ɗaya, ta shafa yatsa ta duba ƙura, ta girgiza jarka. A kanta ta ƙasa ta tsaya, ta nuna kwanan watan da ke jikin wani gwangwani.

"Malam, wannan bakwai ce ko ɗaya?"

"Bakwai ce."

"Ta yi kama da ɗaya."

"To ai ke ce ba ki sa tabarau ba, Hajiya." Ya cire nasa daga wuya ya miƙa mata.

Ta karɓa ta sa, ta sunkuya ta sake dubawa, ta ce bakwai ce. Daga nan ta ce a ɗora ruwan shayi, ta zauna ta fara ba mu labarin yadda aka yi haihuwar tun daga farko, Dogo ya kashe injin don mu ji da kyau.